Takarda Ba Ta Rufa wa Bango Asiri

Saura kwana huɗu a yi jeren ƙanwata aka aike ni in duba ɗakin. Ciki da falo ne a gidan haya, can bayan gari a Kano, inda sabbin gidaje ke tsirowa kamar ciyawar farkon damina. Goggonmu, wadda duk hidimar bikin ke hannunta, ta riga ta sa an sayo naɗi 10 na takardar adon bango, wadda yanzu yaro da babba ke kira wolfefa, mai launin madara da ratsin ruwan gwal. Na tarar da su jingine a kusurwa cikin ledojinsu, mai aikin kuma yana tsaye da jaka a kafaɗa, ko sauke ta bai yi ba. Ya shafa bangon da tafin hannu, ya juya hannun ya duba, ya sake shafawa.

Bangon irin wanda aka yi wa fenti mai yashi ne, wanda ake birgima da rola mai huda-huda har ya tashi da ƙuraje. Duk wanda ya taɓa goga gwiwar hannu a jikin irinsa cikin duhu ya san abin da nake nufi.

"Hajiya, wannan bangon ba zai karɓi takarda ba sai an yi masa sikiridin," in ji saurayin.

"Kwana nawa ke nan?" in ji Goggo.

"In ana samun rana, biyar. In hadari ya rufe, mako guda."

"Kai ɗan nan, ranar Alhamis fa ake jere. Ba don a rufe munin bangon muka sayo ta ba?"

Bai ja da ita ba. Ya ce a yi masa afuwa, ba zai sa hannu a aikin da gobe za a zage shi a kansa ba, ya yi sallama ya wuce. Kafin la'asar an samo wani, kafin isha'i ya gama. Ranar jere aka yi guɗa, aka ɗauki hotuna, ɗaki ya fito kamar na otal. Ni kaina na ce a raina wancan na farko jan aji kawai yake yi.

Ba a rufa wata biyu ba amarya ta kira ni da dare, ta kunna ƙwan da ke jikin bango ta ce in duba. Hasken da ya bi gefen bangon ya tono kowane ƙurji ɗaya bayan ɗaya, kai ka ce takardar ƙyanda ta yi. Mahaɗar takardun ta buɗe baki a wurare uku. Inda aka tura kan gado ya jingina, ƙurajen sun huda takardar sun leƙo.

Tambayar Goggo ita ce tunanin kusan kowa, kuma a nan kuskuren yake. Muna ɗaukar wolfefa kamar zanen gado, a shimfiɗa a kan tsohuwar katifa ya rufa mata asiri. Amma kaurin mafi yawanta bai kai milimita ɗaya ba. Wadda bayanta takarda ce, idan ta sha gam sai ta ɗan buɗe, tana bushewa kuma ta tsuke ta ɗame kamar fatar kalangu, duk abin da ke ƙarƙashinta, ko ƙwayar yashi ce, sai ya nuna. Ga kuma batun kamu. Gam ba ya riƙe inda bai taɓa ba. A bango mai kaushi takardar tana zaune ne a kan tsinin ƙuraje, tsakaninsu kuwa iska ce. Bakin takarda, wanda ya fi ko'ina buƙatar riƙo, shi ne ke fara sakin jiki. Mai sheƙi da mai ruwan gwal ko azurfa, waɗanda amare suka fi so, su ne kuma suka fi tona asiri, domin sheƙi yana ninka kowace inuwa. Ita kuwa mai gam a jiki, wadda ake ɓare bayanta a manna kamar sitika, ba ta da haƙuri ko kaɗan. Gam ɗinta siriri ne, kuma zafin Afrilu da ke kai maki 40 a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana sa shi ya yi laushi, takardar ta soma zamewa daga sama.

Ba laifin kaushin ba ne. Mu dai ba baƙin bango mai tudu da kwari ba ne. Magina na da sun yi yaɓe da hannu sun bar sawun yatsu da gangan, sun shafe da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, sun yi laso da katsin marina da gashin jima. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, ko ya zaga unguwar Birni a Damagaram ya ga fuskokin gidaje, ya san cewa a wurinmu ado a jikin ƙasar bangon yake, ana iya taɓa shi da hannu. Ɗakin amarya ma a da ba a damu da santsin bangonsa ba, tunda kwalla da tasoshi da tangaran ne za su rufe shi tun daga ƙasa har rufi. Da jeren kwanuka ya kau ne bango ya fito tsirara, aka shiga neman abin da za a sa masa.

Kaushin zamani kuwa dalilinsa daban ne, kuma kusan ɗaya ne a ko'ina: ɓoye aikin da ba a gama da kyau ba, ko rage kuɗin gwani. A Amurka yawancin bangon cikin gida allunan jifsam ne da ake haɗawa a cike mahaɗarsu. Gyara mahaɗar har ta ɓace aiki ne mai cin lokaci, sai masu gini suka koma fesa wa bangon kwaɓi ya yi gurji-gurji. Har sunaye suka ba shi: akwai mai kama da ɓawon lemo, akwai wanda ake fesawa a danne kansa da faffaɗan ƙarfe, akwai na silin mai kama da gugguru. A Ingila wani kwaɓi mai suna Artex ne ya mamaye silin da bangon gidaje, musamman a shekarun 1970, domin ko wanda bai ƙware a filasta ba zai iya murza shi ya yi zane. Jamusawa kuwa abin ya fi ban dariya. Wani mai haɗa magunguna, Hugo Erfurt, ya ƙirƙiro takarda mai ɓarɓashin katako a ciki a 1864, wadda ake mannawa a bango mai santsi don ya yi kaushi, a bi ta da farin fenti. Har yau gidajen hayar Jamus cike suke da ita. Namu a nan shi ne fentin yashi da mutane suka yi wa kuɗin goro da sunan Texcote ko da wani kamfani ne ya yi shi, da simintin da ake watsawa da ɗan injin hannu, sai kuma filastar da birkila ya bari ba goge saboda ya san fenti mai kauri zai bi.

Tarihin Turawan yana da wani darasi da ya wuce ado. Har tsakiyar shekarun 1980 ana zuba farin asbesto a cikin Artex, kuma sai a 1999 Birtaniya ta haramta asbesto gaba ɗaya. Muddin yana zaune a bango ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka sa masa samfefa ne zaruruwansa ke tashi su shige huhu, cutar kuma ta yi lamo shekara 20 ko 30 ko fiye kafin ta bayyana. Shi ya sa a can ake gwada tsohon bango kafin a kankare, kuma sau da yawa a zaɓi a rufe shi da sabuwar filasta maimakon a goge. Amurka kuma ta hana fentin gida mai dalma a 1978. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. An sha gwada fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya a samu dalma mai yawa a wasu, kuma tsofaffin gidaje da dama suna da silin asbesto. Don haka tsohon fentin mai ba a goge shi a bushe. A jiƙa shi, a ɗaura takunkumi, a fitar da yara da mai ciki daga gidan, ƙurar kuma a kwashe ta da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba. Silin asbesto kuwa a bar shi yadda aka gan shi.

Daga baya na nemo saurayin nan na farko, na ba shi haƙuri, muka kwashe kayan amarya zuwa falo, aka ɓare takardar farko. Kwana shida na yi ina zuwa kallon aikinsa, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne ranar farko bai kwaɓa komai ba. Bincike ya yi ta yi kamar likita.

Ya yanko leda kamar faɗin faranti, ya manna ta a ƙasan bangon da ya haɗa da banɗaki, ya liƙe gefe huɗun da salatif, ya ce a bar ta ta kwana. Idan da safe aka ga gumi a cikinta, bangon yana shan ruwa daga wani wuri, ko famfo ke yoyo a ciki, ko danshi ke hawowa daga tushe, ko rufi ne. Irin wannan bangon za ka ga fenti na kumbura a ƙasansa, wani farin gari kamar kanwa yana tsatsowa. Babu sikiridin ɗin da zai yi maganinsa. Wolfefa mai fuskar roba ma ƙara ta'azzara shi take yi, domin ba ta barin bango ya yi numfashi. Sai fumfuna ta yi baƙi a bayanta, ɗaki ya ɗauki warin da turaren wuta ba ya kashewa. Sai an toshe hanyar ruwan, bango ya bushe, sannan a yi maganar ado. Namu dai Allah ya taimaka, ledar ta kwana a bushe.

A ranar farkon kuma ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan makulli. Inda filasta ta kama bulo amon a cike yake. Inda ta rabu kuwa sai ka ji kamar ganga, kuma nan dole a fasa a sake, in ba haka ba nauyin sabon shafe zai ɓamɓaro ta. Ya tsaga fentin da reza a gicciye, ya manna salatif ya fizge. Da fentin ya biyo, da sai an kankare shi duka, domin duk abin da aka ɗora a kan fenti ƙarfinsa bai wuce ƙarfin riƙon fentin ba. Haka idan ka shafa bango hannunka ya yi fari kamar ka taɓa alli, alamar an tsinka fentin da ruwa fiye da kima ne, ko farar ƙasa aka shafa. Wannan sai an wanke. Tsagar da ya samu a saman taga bai shafe ta haka nan ba, ya ƙara buɗe ta da bakin ƙarfe, ya hure ƙurar, ya jiƙa, sannan ya cike. Tsagar da aka rufe wa baki kawai, cikinta a fanko, dawowa take yi.

Rana ta biyu ya yayyafa wa bangon ruwa, ya ɗauki sikirefa ya bi yana sare kawunan ƙurajen. Ba so yake ya cire fentin yashin duka ba, tsinin kawai yake karyawa. Hikimar a fili take: duk milimitar da ya rage a tudu, ya huta da cike ta a kwari, ga sauƙin kaya ga saurin bushewa. Ya goge ƙura, ya shafa gam da aka tsinka da ruwa don sabon kwaɓi ya samu abin kamawa.

Shi sikiridin ba wani abu ba ne illa shafe bango da kwaɓi mai laushi, siriri, har ya yi sumul. Kowane mai aiki da irin haɗinsa. Wasu garin POP suke haɗawa da gam da fenti, wasu farin siminti, wasu kuma su sayi wanda aka riga aka haɗa a buhu, ruwa kawai za a zuba. Duk ana samunsu a kasuwannin kayan gini irin Ƙofar Ruwa. POP ɗin nan dutsen jifsam ne da aka gasa a zafin da ya kai kimanin maki 150 har ya saki mafi yawan ruwan jikinsa, kuma sunansa ya samo asali ne daga ma'adinan jifsam na birnin Paris. Da zarar ya sake haɗuwa da ruwa sai ya kama hanyar komawa dutse, cikin mintoci kaɗan. Shi ya sa gwani ba ya kwaɓa bokiti guda cike, kaɗan-kaɗan yake yi, kuma garin yake barbaɗawa a cikin ruwa, ba ruwa a kan gari ba. Na ga yaronsa ya so ya ƙara ruwa a ragowar da ta fara daskarewa, ya ƙwace bokitin ya juye a waje. Kwaɓin da ya fara kamawa aka farfaɗo da shi da ruwa ya mutu, zai bushe ya zama gari. Bokitin ma sai an wanke tas, domin busasshen guntun da ya maƙale a ciki yana sa sabon kwaɓi ya daskare da wuri.

Sau biyu ya shafa. Na farko ya danna shi da ƙarfi cikin kwarurrukan, ba ya neman kyau, har kana hango inuwar tsohon kaushin ta ciki. Ya bar shi ya kwana. Na biyun ya ja shi a gicciyen na farko, shi ma siriri, kaurinsa bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Mai gaggawa yakan labta sau ɗaya da kauri ya ce ya gama. Sama ta bushe, ciki ɗanye, bayan kwana kaɗan ya tsattsage kamar bakin tafki a bazara.

A nan ne yanayi ke shigo da nasa. A watan Agusta, iska cike da laima, shafen da ya kamata ya bushe a yini sai ya kai biyu ko uku, kuma alamar bushewarsa ita ce launinsa ya zama ɗaya, babu tabo mai duhu. Da hunturu kuwa matsalar juyawa take yi. Iska na zuƙe ruwan kafin kwaɓi ya kama, gam ya bushe a bango kafin a ɗora takarda, ga ƙura da ke sauka kan komai, don haka rufe tagogi ake yi. Sabon gini nasa haƙurin ya fi tsawo. Siminti na ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma ɗanyar filasta tana da kaifi irin na toka wanda ke lalata gam ya ɓata launin takarda. Wanda aka yi wa filasta yau ya ce jibi za a manna wolfefa, kuɗinsa ya zubar. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu da bikinmu kullum ranar muke neman wuƙa.

Rana ta biyar guga. Ya naɗe samfefa mai lamba 120 a jikin guntun katako, domin in da tafin hannu aka goga, yatsu na haƙa ƙananan ramuka. Ya bi da mai lamba 180. Sannan ya yi abin da ya fi burge ni: ya rufe taga, ya kunna fitilar wayarsa, ya kwantar da ita a jikin bango hasken na bin gefe. Bangon da na rantse ya yi sumul sai ga shi da layukan bakin cokali da 'yan ramuka. Ya zagaye kowanne da fensir, ya cike, ya sake gogewa. Ido daga tsakiyar ɗaki ba ya ganin waɗannan, amma ƙwan bango zai gan su kowane dare.

Bayan an share ƙurar da ɗanyen tsumma, sai mataki na ƙarshe, wanda aka fi tsallakewa saboda ba a ganinsa: firaima. Sabon sikiridin ƙishirwa gare shi. In aka shafa masa gam kai tsaye zai shanye ruwan nan take, takarda ta kafe inda aka fara ajiye ta, ba damar zamar da ita a daidaita zane. Firaima na toshe wannan ƙishirwar, kuma ranar da aka gaji da takardar aka zo cirewa, za ta fito ba tare da ta ɗauko fatar bango ba. In takardar mai duhu ce, gwanaye kan ɗan rina firaimar ta kusanci launinta, don ko mahaɗa ta ɗan buɗe kada farin layi ya leƙo. Gam ɗin ma abin lura ne. Wasu don araha sitacin rogo suke damawa, wanda ga kyankyaso da gara tuwo ne aka kai musu har ɗaka.

Akwai gajeriyar hanya, amma iyakarta kaɗan ce. A Ingila suna da farar takarda mai kauri da ake fara shimfiɗawa a ƙarƙashi, mai lambobi daga 800 zuwa 2000 gwargwadon kaurinta, kuma a kwance ake manna ta don mahaɗarta kada ta faɗo daidai da ta saman. Tun a 1877 Frederick Walton ya fito da Lincrusta, aka biyo da Anaglypta a 1887, masu kauri da zane mai tudu, waɗanda suka daɗe suna rufe tsofaffin bangaye. Irin waɗannan suna haɗiye ɗan kaushi mai laushi. Fentin yashi mai tsini ya fi ƙarfinsu.

Ni a ganina, ba kowane bango ne ya cancanci wannan wahalar ba. Ɗakin ƙasa ba a manna masa takarda, numfashi yake so. Ɗan haya kuma ya fara jin ta bakin mai gida, domin sikiridin ba ya komawa baya, kuma ranar tashi ba a naɗe shi a tafi da shi. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya gyara bango ɗaya, na bayan gado ko na bayan talabijin, ya yi masa aiki na gaske, sauran ukun ya bi su da fenti. Ya fi a manne huɗun a kan ƙuraje. Lissafin ma yana goyon bayan haka. Ƙaramin naɗi faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa mita 10. A ɗaki mai tsayin mita 3, falle uku kawai zai bayar. Ɗakin ƙafa 12 da 12 kewayensa ya haura mita 14, wato naɗi 9 zuwa 10, in zanen manya ne ma ya fi haka saboda abin da ake yarwa wajen haɗa fure da fure. Bango ɗaya kuwa naɗi uku ya ishe shi. Kuma a saya gaba ɗaya, a duba lambar rukunin da ke jikin leda ta zama iri ɗaya, don bugu biyu na zane ɗaya kan sha bamban a launi.

Rana ta shida aka zo mannawa. Kafin ya kwance murfin soket ya ce a sauke wutar gidan daga mita. Na ce ai tun safe an ɗauke. Ya ce shi ya sa, ba ta sallama in za ta dawo. Bai yarda da kusurwar ɗakin ba, ya ɗaura ƙusa a igiya ya sake ta daga sama, ya ja layi a inda ta tsaya. Sai ga kusurwar ta karkace da kusan faɗin yatsa biyu daga sama zuwa ƙasa. Daga wannan layin ya ɗora fallen farko.

Goggo ta zo da yamma ganin aiki. Ita ta biya kuɗin takardar karo na biyu, ba ta kuma ce uffan a kan na farko ba. Ta shafa bangon da bayan hannu tun daga ƙofa har taga, ta ce wa amarya ta kunna ƙwan nan. Aka kunna. Ta matsa kusa tana neman mahaɗar, ta bi da farce, sai a karo na biyu ta same ta. Ta juyo ta tambayi saurayin ko yana zuwa Kaduna aiki, don akwai bikin 'yar ƙaninta bayan Sallah. Ya ce yana zuwa, amma a kira shi saura wata guda.